Daga Malamin Jangali Zuwa Mai Kwamfuta: Tarihin Masu Ƙirga a Illela

 

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san yadda take. Ƙura ta tashi, shanu da raƙuma sun cika kara, motocin albasa da na wake sun yi layi, 'yan canji na zaune da damman naira da sefa a gabansu. A cikin wannan cinkoso akwai wani mutum da ba kasafai ake lura da shi ba. Ba ya saye, ba ya sayarwa, kuma ba dillali ba ne. Zai tsaya wurin mai gero ya tambayi kuɗin tiya, ya rubuta, ya wuce wurin na biyu da na uku ya sake tambaya. Da can littafi da biro yake riƙewa, yanzu waya. Wani ɗan kasuwa zai amsa masa da fara'a, wani kuma ya haɗe rai, don yana zaton ɗan rahoton kwastan ne.

Abin da mutumin nan ya rubuta zai faɗa hannun wani ma'aikaci a Sakkwato ko Yamai ko Abuja, wanda aikinsa shi ne ya tace alƙaluman, ya gwama su da na bara, ya faɗa wa masu iko abin da suke nufi. Shi ake kira mai nazarin alƙaluma. Matasa da yawa na kallon aikin a matsayin sabuwar sana'ar da kwamfuta ta haifa. Tarihin Illela ya nuna cewa sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma matsalolinta na yau su ne na jiya.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Ƙirga ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zakka kanta lissafi ce. Mai shanu 30 zai fitar da ɗan maraƙi, mai tumaki ko awaki 40 ya fitar da ɗaya, mai raƙuma 5 ya ba da akuya, manomin damina kuma dami ɗaya cikin goma. Ba yadda za a karɓi wannan sai an ƙirga. Haka rabon gado, wanda malamai ke koyar da hisabinsa a zaure. Ƙasar nan ta fitar da masanin lissafi irin Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

A kasuwa kuwa kuɗin wuri ake kashewa, shi kuma wuri sai an zauna an ƙirga. Wuri 20 hauya ke nan, zambar goma 10,000, ƙeso 20,000. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda ake ƙirgar a Tasawa a 1851: biyar-biyar ake ja da yatsu, ana tara su tsibi-tsibi. A Kano ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya kan wuri 2,500. Wato tun wancan zamani fatake na buƙatar mutum mai saurin hannu da amana, wanda zai faɗi adadi a yarda.

IYAKA TA ZO DA LITTAFI

Abin da ya mayar da Illela garin iyaka, lissafi ne da aka yi a kan tebur a Turai. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun ɗora tsinin kamfas a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100. Wannan zane ya bar Birnin Konni a ɓangaren Ingila, ya kuma hana Faransawa hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Duk da haka rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ta nan, ta ƙone Konni a watan Mayun 1899, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi ranar 15 ga Maris 1903. A 1904 aka sake zama, Faransa ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da yau yake cikin Kanada, Ingila kuma ta matso da iyaka kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi. Da haka Konni ta koma hannun Faransa, Illela ta tsaya a na Ingila, alhali dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

Da mulkin mallaka ya zauna, abin da ya fara nema shi ne haraji. Dokar Lugga ta 1906 ta tattara tsofaffin kuɗaɗen da ake biya ta mayar da su haraji da jangali. Daga baya aka kafa Baitulmalin En'e. Sai Di'o ya fita rangadi, ya zauna ƙauye ya ƙirga gidaje da maza baligai da gonaki da dabbobi, ya ƙiyasta abin da kadada ke bayarwa, ya rubuta rahoton da za a yanka wa gunduma haraji da shi. Amma Di'o ɗaya ba zai iya wannan aiki kowace shekara ba. Nan malamin haraji ya shigo. Shi ne ɗan ƙasa mai ajami ko boko, wanda ke bin uban ƙasa da littafi, yana rubuta sunan kowane magidanci, yana yanka rasit, yana haɗa jimilla ya kai wa ma'aji. In ana neman kakan mai nazarin alƙaluma a wannan yanki, to shi ne.

Tun daga nan aka shuka abin da har yau ake girba. Talaka ya gane cewa duk wanda ya zo da littafi, abin hannunsa ya zo karɓa. Magidanci ya koyi rage yawan samarin gidansa. Bafulatani ya koyi raba garke idan damina ta yi, lokacin jangali, ya tura rabi daji ko ya tsallaka iyaka. A ɓangaren Faransa akwai lanho da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, don haka iyalai da yawa suka riƙa kwararowa kudu. Iyakar da aka zana don a san na wane ne wane, ita ta zama mafakar mai gudun ƙirga. Shi ma malamin yana tsakanin wuta biyu. In adadi ya ragu, Bature ya ce an ci kuɗi. In ya ƙaru, a gari a ce ba shi da imani.

ƘIDAYA TA ZAMA SIYASA

Ƙidayar 1911 da 1921 da 1931 a Arewa yawancinta daga littattafan haraji aka ɗebo ta, don haka ta gaji duk ɓoye-ɓoyen da ke cikinsu. Sai a 1952 aka yi ƙoƙarin bi gida-gida, aka samu mutum miliyan 16.8 a Jihar Arewa. Da 'yancin kai ya zo, sai lamarin ya juye. Yawan jama'a ya zama shi ne kujerun majalisa da kason kuɗi. Wanda jiya yake ɓoye 'ya'yansa, yau shugabanninsa na roƙonsa ya fito da kowa. Ƙidayar 1962 aka soke ta saboda rigima. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.6, har aka je kotu. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, Janar Murtala ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta kawo miliyan 88.9, ta 2006 kuma miliyan 140.4, inda aka ba ƙaramar hukumar Illela kimanin mutum 150,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

Ma'anar wannan ga ma'aikacin yau ita ce, duk lokacin da zai ce kashi kaza na yaran Illela sun samu rigakafi, ko yara kaza ba sa makaranta, adadin da yake rabawa da shi hasashe ne da aka ɗora kan ƙidayar 2006. A garin da mutum zai kwana a Konni ya yi sallar azahar a Illela, wannan hasashe yana iya sa a samu rigakafi ya haura kashi 100 cikin 100. Ba aljanu aka yi wa allura ba, yaran tsallake ne aka kawo.

Dabbobi ma haka. Bayan an daina dogaro da jangali, sai da aka yi shawagi da jirgin sama a 1990 kafin a ƙiyasta cewa Najeriya na da shanu miliyan 13.9.

YUNWA TA KOYAR DA DARASI

Abin da ya mayar da farashin kasuwar Illela abin sa ido na duniya shi ne fari. A lokacin farin 1972 zuwa 1974, ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don lura da ruwan sama da amfanin gona. Bayan yunwar 1984 zuwa 1985, wadda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi daga Afrilun 1984, har mutanen Nijar suka laƙaba mata sunansa, Amurka ta kafa shirin gargaɗin yunwa na FEWS a 1985. Nijar kuma ta kafa nata tsarin bibiyar farashin hatsi, wanda yau ake kira SIMA.

Duk da waɗannan cibiyoyi, 2005 ta zo ta ba kowa kunya. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta yi ɓarna, aka lissafa giɓin hatsin Nijar ya kai kimanin tan 223,000. A takarda giɓin bai kai na tashin hankali ba, domin an saba Nijar na cike irinsa da hatsin Najeriya ta Illela da Jibiya da Mai'aduwa. Abin da masu lissafi ba su ba muhimmanci ba shi ne, a shekarar hatsi ya yi tsada a Arewacin Najeriya ma, don haka motocin da aka saba gani suna hawa arewa ba su hau ba. Farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, na dabbobi ya faɗi warwas. Makiyayin da ke sayar da akuya ya auni buhu, sai ya koma sayar da biyu ko uku. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. An daɗe ana sayar da abinci a farashi mai rahusa kafin a yarda a fara rabon kyauta a watan Agusta. A shekarar kungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasar.

An ƙirga damman da ke gona, ba a ƙirga abin da ke aljihu ba. Daga nan aka gane cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba za a fahimci cikin mutumin Tawa ba sai an san farashin Dawanau da na Illela. Shi ya sa yau rahotannin farashi na FEWS NET ke ambaton Illela da Mai'aduwa da Damasak a matsayin manyan kasuwannin iyaka.

YADDA AIKIN YAKE A YAU

Masu zaton aikin zane-zane ne masu launi a fuskar kwamfuta, bari mu bi mako ɗaya. Ranar Laraba kasuwar Konni ta ci, ranar Lahadi ta Illela. Masu tattara bayanai sun cika fom a waya ta manhaja irin KoboToolbox ko ODK, sun tura. Ranar Litinin mai nazari ya buɗe jadawalinsa a Excel, kuma mafi yawan wuninsa a shara zai ƙare, wato gyaran kurakurai.

Na farko ma'auni. Wannan ya rubuta farashin tiya, wancan na mudu, wani na buhu. Tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba, kuma buhun da ake kira mai kilo 100 ba kullum yake cika ba. Dole a mayar da komai kilo. Na biyu kuɗi. Mutumin Konni idan ya ce dala, sefa 5 yake nufi, don haka "dala ashirin" sefa 100 ce. Idan ya ce jikka, sefa 1,000 ke nan, alhali jaka a bakin tsohon ɗan kasuwar Najeriya naira 200 ce. Yaron da bai san wannan ba zai shigar da lambar da za ta ɓata rahoto gaba ɗaya. Na uku sunaye. Gari ɗaya a rubuta shi Konni, Kwanni, Birni N'Konni, kwamfuta kuma ta ɗauke su garuruwa uku. Na huɗu lambar da ta fita zakka. Idan kowa ya ce tiya naira dubu biyu, mutum ɗaya ya rubuta dubu ashirin, sai an ɗaga waya an tambaya ko sifiri ne ya ƙaru ko wani abu ne ya faru. Akwai kuma mai tattarawar da ke zama gindin bishiya ya cika fom da ka. Ana gane shi idan lambobinsa suka yi kyau fiye da kima, ko taswirar wayarsa ta nuna bai motsa daga wuri ɗaya ba.

Bayan shara sai nazari. Ga misali na ƙirƙira don a gane. A ce buhun gero jikka 25 ne a Konni, a Illela kuma naira 70,000. Idan 'yan canji na ba da jikka kan naira 2,500, buhun Konni ya kama naira 62,500, don haka hatsi kudu zai gangaro. Idan naira ta faɗi jikka ta koma 3,000, buhun nan ya zama naira 75,000, sai hanya ta juya, hatsin Najeriya ya hau arewa. Ba a ƙara ko dami ɗaya a gona ba, amma tukunyar gidaje ta canza. Irin wannan juyi ya faru da gaske lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da kuma lokacin da aka saki naira a Yunin 2023. Shi ya sa mai nazarin iyaka ba ya amfani da farashin banki kawai, sai ya san na bakin tasha.

Daga ƙarshe sai rubutu, kuma nan ne abin ya shafe mu. Kwamishina ko shugaban ƙungiyar agaji ba zai karanta layi dubu ba. Shafi ɗaya zai duba. Wanda ya iya lissafi bai iya jera magana ba, aikinsa a aljihun tebur yake ƙarewa.

ABIN DA LITTAFI BA YA GANI

An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum ranar 16 ga Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris 2024. A irin waɗannan watanni, littafin kwastan zai nuna kusan babu abin da ya wuce. Amma kowa a Illela ya san babura da raƙuma da amalanke ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba. Farashi ne kawai ya hau, domin kowane shinge da kuɗinsa. Mai nazarin da ya zauna ofis ya ce ciniki ya tsaya cak, lambarsa daidai ce, maganarsa kuwa ƙarya ce. Na ƙwarai shi ne wanda ya san inda alƙalumansa suka makance, ya kuma faɗi haka a rahotonsa. Rashin tsaro ya ƙara faɗaɗa wannan makanta. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, kuma akwai ƙauyukan da mai tattara bayanai ba zai iya shiga ba. Abin takaici, inda ba a iya ƙirgawa nan ne wahala ta fi yawa.

TSANIN SANA'AR

Yawanci daga ƙasa ake farawa: aikin wucin gadi na tattara bayanai lokacin rigakafi ko wani bincike, sai shigar da bayanai, sai jami'in sa ido da tantance ayyuka, sannan mai nazari. Wasu sun karanta lissafi ko ƙididdiga ko tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu kuma da waya da intanet suka koyi Excel da Power BI da Python. Masu ɗauka su ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda dokar 2007 ta tsara, da ma'aikatun lafiya da na gona, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji. Ɗan iyaka yana da jarin da ba a koyarwa a aji: ya san dala da jikka, yana iya tsintar Faransanci, kuma dillalin kara zai gaya masa gaskiyar da ba zai gaya wa baƙo ba.

Sai dai kada a ruɗi kowa. Ayyuka da yawa kwantiragi ne da ke rataye da kuɗin waje. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta, shafin FEWS NET kansa ya rufe na tsawon watanni, bayan shekara 40 ana aikin, ma'aikata da dama kuma suka koma gida. Sannan tsohuwar jarabawar malamin haraji tana nan. Wata rana mai gida zai so lamba ta ƙaru don a samu tallafi, wata rana ya so ta ragu don kada a ji kunya. Ba za a ce maka ka yi ƙarya ba, za a ce ka sake dubawa.

Nan ne sana'ar take tsayawa ko ta faɗi. Lambar da aka murɗa a ofis ba a ofis take ƙarewa ba. Tana zama buhun da bai isa ƙauye ba, ko allurar da ba ta kai ga yaro ba. Mai ƙirga wuri a Tasawa da malamin jangali da yarinyar da ke gaban kwamfuta a Sakkwato yau, amana ɗaya aka ba su: su faɗi abin da suka gani, ko ya yi wa mai gida daɗi ko bai yi ba.

Idan Allah ya kai ɗayanmu Illela wata Lahadi, ya ga mai tambayar kuɗin tiya ba ya saye, ya tsaya su gaisa. Wanda kuma a gidansu akwai dattijon da ya yi malantar haraji ko ya ga zamanin jangali, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya ji tun yana da rai. Littattafan Di'o suna ajiye a gidan adana tarihi na Kaduna, amma bakin waɗanda aka ƙirga ba kowa ya rubuta shi ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.